Zaren Da Ke Cikin Ambulan

Alƙahira, 14 ga Sha'aban.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙafarki, yaya su Yazid da mutanen Zango?

Mu ma lafiya, jikin ɗanki Baban Yazid da sauƙi. Gumba da man shanun da kika aiko sun iso. Na dama masa, ya sha cokali biyu, ya ce a gaya miki ya shanye. Man shanun kuwa na ɓoye, don likita ya ce ciwon dajin ya ci wurin da ke narkar da maiƙo. Wallahi Inna ba rashin kula ba ne. Sau shida nake kai masa kwano a yini, ya shinshina, ya ba ni haƙuri.

Na ji za ki ɗinka masa kayan Sallah kamar kullum. Don Allah kada Mati tela ya bi tsohon awo. Zaren da na sa a ambulan shi ne awon ƙugun Baban Yazid yanzu. Ki miƙa wa Mati a naɗe, kada ki warware shi ke kaɗai a ɗaki.

A sa mu a addu'a.

'Yarki,
Adawiyya.