Cinyar Ragon Layya da Ta Raba Mahaifiyata da Jibin Ubangiji

Zuwa ga Rabaran, Shugaban Majalisar Gundumar Ikilisiyarmu, da dattawan da ke zama tare da shi.

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da aikin Ubangiji. Sau biyu na kawo takarda ofishinku a rufe, ban ji ko tari ba, shi ya sa wannan karon na buɗe ta kowa ya karanta. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Kutama, kuma kukana a kan mahaifiyata ne, Inna Saratu.

Na ɗaya. Tun kafin a haife ni, duk Babbar Sallah ƙaninta Musulmi, Kawu Sule na Masanawa, yakan aiko mata da cinyar ragon layya. Ita kuma ta aika masa da shinkafa da miya ranar Kirsimeti. Fastoci huɗu sun zauna da mu, babu wanda ya ga aibin haka, wasunsu ma sun tsoma hannu a kwanon. Sai bara, sabon faston da kuka turo mana ya hau bagade, wurin wa'azi, ya ce naman layya shi ne naman gumaka da Manzo Bulus ya gargaɗi Korintiyawa a kansa. Inna ta karɓi cinyarta kamar kullum. Lahadin da ta biyo baya aka kira sunanta a gaban jama'a, aka sa ta ƙarƙashin horo, aka karɓe katinta na jibin Ubangiji, wato cin gurasar tarayyar masu bi, aka mayar da ita bencin baya.

Na biyu. Rabaran, ba a koya wa Inna mene ne naman gumaka. 'Yar Bamaguje ce. Tana budurwa ta ba da gaskiya, ta ƙi cin akuyar da mahaifinta ya yanka wa iskoki a gindin tsamiya, ya yi mata dukan da har yau tabonsa yana kafaɗarta. Da kanta ta ɗebi ruwan da aka kwaɓa ƙasar ginin majami'ar nan. Yau ita ce yaron da bai kai sa'an autanta ba yake nuna wa da yatsa. Ni ban shiga makarantar tauhidi ba, amma na iya karatu. Wasiƙar Korintiyawa da Fasto ya dogara da ita, a cikinta Manzon ya nuna cewa abinci ba ya kusantar da mutum ga Allah, ba ya kuma nisanta shi. Me ya sa aka karanta mana rabi aka rufe littafin?

Na uku, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Kun san al'adarmu a nan: akuyar Kirsimeti Musulmi muke kira ya yanka, domin maƙwabta su iya ci tare da mu. Ta bara Kawu Sule ne ya yanka, da wuƙar nan tasa ta layya, da bismillarsa a bayyane. Fasto ya ci, har ya nemi ƙarin hanta, ni na zuba masa. To in hannun Kawu da addu'arsa ne ke ƙazantar da nama, wa zai sa Fasto a bencin baya?

Na huɗu. Na san zukata sun yi tsami tun da aka ƙaddamar da shari'a, kuma na san abin da ya sami 'yan'uwa a wasu wurare. Amma lokacin da wasu samari suka fara maganar a rufe majami'armu, Kawu Sule ne ya taka har gaban mai gari ya ce ɗakin ibadar yayarsa ne. Mu tsiraru ne a nan, zumunci ne katangarmu. Fasto za ku iya ɗauke shi gobe, mu kuwa nan aka binne cibiyarmu.

Yanzu Inna tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye tun farkon damina. Dattawan majami'armu sun ce za a mayar mata da katinta in ta furta cewa ta ci naman gumaka kuma ba za ta sake ba. Ta ce ba za ta yi wa ɗan'uwanta ƙarya don ta sami gurasa ba.

Roƙona uku ne. Ku ɗage horon nan ba tare da wannan sharaɗi ba. Ku zauna ku faɗa mana a fili abin da ikilisiya ta yarda da shi game da naman layya, domin rabin masu zama a bencin gaba suna ci a ɓoye. Sannan ku turo wanda zai kawo mata jibi har gadonta, tun tana iya haɗiya.

Duk Lahadin farkon wata, ranar jibi, takan sa matata ta yi mata wanka, ta ɗaura mata zanen ƙungiyar zumuntar matan ikilisiya, a jingine ta tana kallon ƙofa har la'asar. Na gaji da ce mata babur ɗin Fasto ne ya lalace. Lahadi mai zuwa ma ta farkon wata ce, ku gaya mini abin da zan ce mata.

Ubangiji ya ba ku hikima, ya kuma sa ranar da kuke kwance kada a bar ku kuna kallon ƙofa.

Wassalam.

Naku cikin Ubangiji,
Ishaya, ɗan Saratu.