Ɗumin Taya a Buriram

Zuwa ga matata Sulastri,

Dik, masoyiyata, ina gaishe ki. Ya jikin tsohonmu Bapak? 'Yarmu Ratih ta daina tarin nan?

Har yanzu ina jin muryar Bapak a rumfar facinsa: "Cika taya tam, ka tsayar da ita sak!" Da zai ga aikina a filin tseren motocin nan na Buriram, a ƙasar Thailand, da ya kore ni. Iska kaɗan muke sa wa taya, don in mota ta ɗau gudu zafi ne ke cike sauran. Tayoyin gaba kuwa da gangan muke karkata su, sai an shiga kwana suke zama daidai a kwalta.

Lafiyata ƙalau, kada ki damu. Abokin hira ne dai babu. Khun Thawat, direban da nake wa aiki, sunana ma ya gagare shi. In ya tsaya sai ya ce, "Kai Wat, gaba na zamewa! Barci kake?" Sai in rage iska, ya wuce. Wani lokacin iyakar maganar da ake min a wuni ke nan.

Ya ce sai an gama gasa zan tafi, Sallar bana ma ba da ni ba. Ki yi haƙuri. Ki turo min muryar Ratih a waya.

Jiya da ya tsaya na ɗora tafina a kan taya in ji zafinta, sai na kasa ɗaukewa. Dik, tun da kika saki hannuna a tashar jirgin garin Solo, ban taɓa wani abu mai ɗumi ba sai ita.

Allah ya tsare min ku.

Mijinki,
Wardoyo