Babin Ƙarshe na Mai Kwale-kwale

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki? Allah ya sa tarin ƙaramin naku ya lafa.

Ka tambaye ni me nake karantawa, kamar yadda muka saba. Ni yanzu ba na karanta wa kaina komai, Baba nake karanta wa. Idonsa ya tafi gaba ɗaya, jikin ma sai a hankali. Kullum da yamma nakan jawo kujera kusa da gadonsa, in buɗe inda muka sa tsinken tsintsiya. Ka san shi, har yanzu in na lanƙwasa takarda sai ya ji, ya hau ni da faɗa.

Labarin wani tsoho ne mai kwale-kwale, wanda ɗansa ya tafi neman aiki ya daɗe bai dawo ba. Ni dai littafin ya ishe ni, daga ruwa sai jira. Baba kuwa ya ce ba inda za shi sai ya ji ko yaron zai dawo. Da wasa ya faɗa, amma tun ranar nake jan ƙafa, ina karatu kamar 'yar aji ɗaya.

Na leƙa ƙarshen a ɓoye, Yaya. Yaron bai dawo ba. Tsoro nake ji. Ka ce sai an ba ka hutu. Don Allah ka sake roƙonsu, shafukan da suka rage ba su da yawa.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka. Yaya ƙarin haƙuri? Mun yi magana ta waya, amma akwai abin da bakina ya kasa faɗa.

Ana gobe zai rasu, Baba ya ce in daina yi masa rowa, in ƙarasa. Na buɗe babin ƙarshe, idona na kan takarda, bakina na faɗin wani abu dabam. Na sauko da yaron daga mota, na rataya masa jaka, na tsayar da shi bakin ruwa yana ƙwala wa ubansa kira. Har ɗingishinka na ba shi, ban ankara ba sai da ya fita daga bakina.

Da na gama, na zaci barci ya ɗauke Baba. Can ya lalubo hannuna, ya ce tun ba a haife ni ba ya sayi littafin nan, ya karanta shi ya fi a ƙirga, ya san yadda ya ƙare. Ya ce nawa ya fi daɗi, ya sa mini albarka. Sannan ya ce in mayar da tsinken farkon babin, in ka zo kai za ka karanta masa na gaskiyar.

Haushinka nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba, kuma ina kewarka. An fitar da gadon, an wanke ɗakin. Littafin na nan kan taga, tsinken na inda ya ce.

Ƙanwarka,
Auta