Kason Jubara a Dabinon Gonarmu

Khidir, Awad, Sittana, duk wanda ya fara karanta takardar nan a cikinku kada ya tsaya a tsakiya, kuma kada ya naɗe ta ya ɓoye wa 'yan'uwansa. Na san halinku. Ni ce mahaifiyarku, Batul 'yar Sid Ahmad, nake rubutu da hannuna, hankalina garau, ƙafafu ne kawai suka gaza. Kada wani ya ce ciwo ne ya sa ni sambatu.

Na ɗaya. Allon da Khidir ya sa aka rubuta don kafawa a ƙofar gona, mai cewa kakana Satti Ziyada shi kaɗai ya raya wannan fili, ba za a kafa shi ba.

Ni na koya muku wannan labari, na kuma doki bakin wanda ya yi wasa da shi. Na ce muku Satti ya zo wurin nan babu komai sai rairayi, da bijimi ɗaya, ya dasa dabino sittin. Da Khidir ya nemi in rubuta tarihin, na yi murna. Shekara biyu ina bin tsofaffi, na je ofishin filaye a Dongola sau uku, na kwance akwatin ƙarfen da gwaggona ta bari.

A ƙasan akwatin na sami takarda mai dangwalen yatsu biyu. Ƙasa da dashe na Satti ne, ban ruwa na wani mutum ne mai suna Jubara, kuma kashi ɗaya cikin uku na dabinon nasa ne da zuriyarsa, kamar yadda al'adarmu take. Akwai kuma wasiƙu huɗu da Satti ya aiko daga Halfa. Ashe Satti yana gama dashe ya tafi aikin jirgin ruwa, ya yi shekara shida. Jubara ne ya tsaya a kan sagiya, keken ɗiban ruwan nan, yana kora shanu suna ɗebo ruwa, rani da sanyi, har itatuwan suka yi 'ya'ya. Satti bai ci amana ba, har ya mutu yana ba Jubara kasonsa. Mahaifina ne ya daina bayarwa, da ya ga Jubara ya rasu ya bar ƙananan yara.

Na kai takardar wurin tsoho Fagir, makahon nan na bayan masallaci, ina fatan ya ƙaryata ta. Dariya ya yi. Ya ce, "Haba 'yar Sid Ahmad, sai da kika biya kuɗin mota har Dongola? Kowa a garin nan ya sani, ban da ku masu gonar."

Na biyu. Itatuwa ashirin na layin gabas, da duk abin da suka tsiro, na gidan Madina ne, jikar Jubara. A cire su kafin a taɓa rabon gado. Saura a raba yadda shari'a ta ce. Awad, na san lissafin da za ka fara yi a ranka. Ka bari.

Kun san Madina. Sittana kuma tana tsaye ranar da na sami Madina tana tsintar dabinon da iska ta kaɗo, na kira ta ɓarauniya a gaban matan unguwa, na sa ta zube abin da ke cikin mayafinta. Ba ta zage ni ba. Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Hajja, ki tambayi itatuwan nan wa ya shayar da su." Na ɗauka rashin kunya ce. Shekara goma sha ɗaya ba na amsa sallamarta.

Ga abin da ya fi wannan muni. Bayan na ga takardar, wata takwas na ajiye ta ƙarƙashin katifa. An yi girbi a cikin watannin nan, na zauna a inuwa ina kallon ana ɗure buhuna, ban buɗe baki ba. Ni da nake hana ku ɗaukar lemun da ya faɗo daga itacen maƙwabta. Mahaifina zai amsa nasa. Wata takwas ɗin nan nawa ne, ba ni da wanda zan jingina wa.

Na uku. Akwatin da takardun na hannun Sittana, domin ita ba ta yar da komai. Littafin da na fara rubutawa ku ƙarasa shi, da sunan Jubara a shafin farko kusa da na Satti. Kada a goge abin da na rubuta game da mahaifina, ku yi masa addu'a kawai.

Na huɗu. Khidir da Awad, gabar da kuke yi kan wa zai riƙe gonar ta ƙare yau. Kuna faɗa a kan abin da ba duka ne naku ba. Ku tafi tare gidan Madina, a ƙafa, ba a motar Khidir ba. Ni na riga na je makon jiya, Sittana ta riƙe ni. Na nemi gafara a tsakar gidanta. Ta ba ni shayi, ta ce za ta yi tunani. Haƙƙinta ne. Kada wanda ya matsa mata, ko da na mutu ba ta furta ba.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya sa 'ya'yanku su fi ni saurin faɗin gaskiya. Ku riƙe juna, ku riƙe gidan Madina a cikin dangi.

Dokar gidan nan kuwa daga bana ita ce: ranar girbi, babu babba babu yaro da zai sa dabino ko ƙwaya ɗaya a baki sai an sauke buhunan gidan Jubara a ƙofarsu. Kuma ɗayanku ne zai ɗauka a kafaɗarsa, ba ɗan aike ba.