Saƙon da na riƙe wa Baba Haladu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan abin da ke riƙe da al'umma, wasu su ce adalci, wasu su ce ilimi. Manajanmu ne ya gano amsar: farin zanin gado. A kansa ya kafa mulkinsa a wani ƙaramin otal da ke unguwar Takur, inda na yi aikin karɓar baƙi a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, ga difuloma a akwati, ga taye a wuya.

Da aka rufe mashaya ciniki ya ja baya, sai Manaja ya sallami rabin ma'aikata, ya ce mu da muka rage mu gode wa Allah. Wanki da gugar otal gaba ɗaya suka koma kan mutum ɗaya, Baba Haladu, wani dattijo ɗan Miga. Ba hutun mako, ba na Sallah. Da damina da dutsen guga na gawayi yake busar da zannuwa, har fatar hannunsa ta saluɓe. Dokar gidan kuma, ɗan uwan ma'aikaci ba ya wuce teburina, a wurina ake barin saƙo.

Wata Talata Idi, ƙanin Baba, ya zo a firgice, ya ce an kwantar da matar Baba a asibitin Jahun, sunan mijinta kawai take kira. Ya bar min saƙon ya juya da sauri don ba kowa a wurinta. Na kai wa Manaja maganar. Ya ce manyan baƙi na zuwa taron bita ranar Juma'a, in riƙe saƙon, ai likita take buƙata ba mai wanki ba. Na yi dariya, don a lokacin yi wa maganar Manaja dariya na cikin aikina. Ranar Alhamis ta rasu, aka kai ta, Baba na nan yana guga.

Bayan rasuwar Idi ya ce ai ya bar saƙo a wurina. Da Baba ya tambaye ni, na dube shi ido cikin ido na ce ban ga Idi ba. Idi ya yi ta rantsuwa har ya ce a kawo Alƙur'ani, Baba ya ce mai ilimi ba zai yi masa ƙarya ba. Tun daga ranar bai ƙara yi wa ƙaninsa magana ba, 'ya'yansu ma ba sa shiga gidan juna.

Manaja ya daɗe da rasuwa. Baba ya makance, yana can Miga, duk kaka sai ya aiko min da gero da addu'a, ɗana yake ce min. Yanzu na ji Idi na kwance, jiki ya yi tsanani. In je in faɗa wa Baba gaskiya, tsoho makaho ya san wanda yake sa wa albarka shekaru da shekaru, ko in ja bakina Idi ya tafi da sunan maƙaryaci? Wanne zan yi?

Baƙin nan kuwa ba su zo ba. A Kano aka yi taron.