Na Zaga Iyakar Gonata da Kunnena

Zuwa ga mai girma Shugaban kwamitin dattawa masu kula da iyakokin gonaki a ƙauyenmu, a ƙasar Makoda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali da sauran dattawan kwamiti. Ni ne Sabi'u, makahon da kuka karɓe wa gona bara. A fili aka yi mini abin, a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, shi ya sa na rubuto a fili. Da bakina na faɗa wa waya, ita kuma ta rubuta, saboda haka kada a wahala neman wanda ya zuga ni.

Na ɗaya. Kowa ya san al'adarmu. Kafin ruwan farko, kowane mai gona yakan zaga iyakarsa a gaban maƙwabta da dattawa, wanda ya kasa kuma sai a ba ɗan'uwansa riƙon gonar. Bara, bayan ciwo ya tafi da idanuna, ba ku kira ni zagayen ba, balle a ce an gwada ni na kasa. Kuka miƙa gonar da na gada wajen mahaifina ga Hamisu, ɗan baffana, a kan ya riƙa ba ni abin da zan ci. Hamisu bai cuce ni ba, ya kawo gero har gida. Amma Alhaji, da baƙin ciki na ci tuwon nan. Da ƙarfina da lafiyata, na ƙare damina a gindin darbejiya ina jin garmar wani tana aiki a gonata.

Na biyu. Wata ranar kasuwar Ɗambatta, Allah ya haɗa ni a mota da Malama Rabi, makauniya ce kamar ni, tana koyarwa a makarantar makafi. Ita ta sa mini wata manhaja a waya, mai mayar da abin da kyamara ta gani ya zama sauti. Ana rataya wayar a ƙirji, a sa abin ji a kunne. Sautin yakan taso daga hagu ya tafi dama. Abin da ke sama yana da siririyar murya, na ƙasa yana da kauri, mai haske ya fi ƙara, mai duhu ya yi ƙasa-ƙasa. Farkon jina sai na ce injin niƙa ne ya lalace. Maiɗakina ta yi ta tsokanata, wai na rasa ido kuma ina neman kashe kunne. Na daure duk rani. Na fara da rumbu da turmi, na koma awaki, har na iya bambanta ƙofar zaure a buɗe da a rufe.

Na uku, kuma nan ne nake so jama'a su saurara. Zagayen bana ma ba ku kira ni ba, ni na kai kaina. Na fara daga ɗorawar arewa, na bi layin gamban da ya raba ni da maƙwabcina na gabas. A tsakiya na ji gamban ya yanke, na tsaya na ce shanu sun cinye nan, aka duba haka ne. Wani dattijo ya ce ai wani ne daga Kano yake raɗa mini ta waya. Kuka sa aka cire layin wayar, na ci gaba da tafiyata. A kusurwar kudu na ji wani abu siriri dogo wanda ban bari a wurin ba lokacin da nake gani, na ce an dasa itace. Zogale ne Hamisu ya dasa. Mutane suka yi kabbara, Hamisu ya kama hannuna ya ce a gaban kowa ya sakar mini gonata. Wallahi tun da na makance ban yi farin ciki irin na ranar ba, har hawaye na yi, kuma ban ji kunya ba.

Kai kuwa Alhaji, cewa ka yi kwamiti zai duba. Har yau shiru, ga hadari ya fara haɗuwa.

Roƙona kaɗan ne. Ku sanar a bainar jama'a cewa riƙon ya ƙare. Daga yau kada a sake karɓar gonar makaho sai an kira shi an gwada shi, ko da sanda zai zaga, ko da waya, ko da tafin ƙafarsa. In kuma har yanzu akwai mai shakka a cikinku, ya zo in ɗaure masa ido da rawaninsa, in ara masa wayar, mu ga inda zai kai.

Na kai taki, na ware iri, na gyara sungumina. Ranar da ruwa ya sauka, a gonar ubana za a same ni ina saran shuka, Hamisu yana bina da iri. Zan shiga ko kun sanar ko ba ku sanar ba, amma ku iyayena ne, na fi so in shiga da albarkarku.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya tsare masa ganinsa, ya ba shi ikon yin adalci, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Sabi'u, manomi.