Damon da na sayo a Lyon ya daina ci

Hajiya Sahadatou, ki taimake ni don Allah, kuma ki hanzarta, don abin da ya sa na rubuto miki ba zai jira ba. Kada ki yi dariya in kin ji a kan ɗan uwan ƙadangare ne. Duk wanda na faɗa wa da dariya yake farawa, na gaji da ita.

Ni 'yar Tawa ce, muna zaune a Sevran ni da maigidana, yara sun girma kowa ya kama gabansa. Sana'ata shadda da turare, nakan kai wa mata kaya har Lyon. Malam kuwa aikin lodin kaya yake yi a filin jirgin sama, har ranar da wani akwati ya zame ya taɓa masa baya. Aka yi masa aiki a asibiti, aka sallame shi daga wurin lodin, lokotoro ya ce ya riƙa 'yar tafiya kullum. Ina! Mutumin nan ya samu kujera gaban tele, ya ja wani bargo mai ruwan toka ya rufe ƙafafunsa, shi ke nan. In na yi magana ya ce to. In na kawo tuwo ya ce to. Juma'a ma sai ya ce bayan ne. Abokansa na Montreuil su zo su yi ta yabonsa, wai ba su taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba. Ni da nake gida ɗaya da shi na san wannan ba mutumin da na aura ba ne.

Bara waccan, lokacin zafi, na kai kaya Lyon, jirgin komawa ya yi latti, ina yawo kusa da gar, wato tashar jirgin ƙasa, sai na ga wani kanti na tsuntsaye da kifaye. Cikin gilashi ga wani ɗan abu kore shar, bai fi tafin hannuna ba in an cire wutsiya, ya ɗaga kai yana kallona. Nan take na tuna Malam. Tun muna sabon aure labarinsa ɗaya ne, yadda shi da mahaifinsa suke bin sawun damo a dajin garinsu, da yadda ake gane ramin da damo ke ciki da wanda maciji ya gaje. Ƙafata ce ta kai ni ciki kafin hankalina ya iso.

Mai kantin saurayi ne mai fara'a, bakinsa kamar an shafa zuma. Ya ce sunan abin igwan. Na tambaye shi ko yana girma, ya ce ba ya wuce girman akwatin da aka sa shi. Na tambayi abinci, ya ce salati da abincin kyanwa na gwangwani. Na tambayi sanyi, ya ce in ajiye shi kusa da shofaj, ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki, ya wadatar. Ya ce ko kyanwa ta fi shi wahala. Kafin a kira jirgi na biya, na tura ɗan akwatin roba tsakanin shaddodi, muka taho Paris ina riƙe da jaka a cinya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Da na iso na ɗora wa Malam akwatin a kan bargon, na ce ga damon Turawa na kawo masa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya yi dariya, Hajiya, dariyar da na manta yadda take. Ya sa masa suna Baƙo. Ya ce abincin kyanwa raini ne, damo fara yake ci da ƙwai da ɗan nama. Mutumin da ba ya iya zuwa bakin ƙofa, sai ga shi ya ɗauki sanda ya shiga jirgi har Montreuil neman fara wurin 'yan Maraɗi masu kawo ta daga gida. Ya sayo katako ya haɗa wa Baƙo babban akwati da hannunsa. Daga neman fara ya koma zuwa Juma'a. Bargon ma na wanke shi na ninke na ajiye. Matan unguwa suka ce asirin kasuwa na ajiye a ɗaki, na ce ga kantin can a Lyon, su ma su je su sayo.

To, tun da sanyin bana ya shigo Baƙo ya canja. Da ma ya riga ya ƙaryata mai kanti, don yanzu ya wuce tsawon hannuna. Haɓarsa ta yi laushi kamar burodin da ya sha ruwa, ƙafafunsa na baya sun kumbura yana jan su, yatsunsa na rawa. Ya daina ci. Na ce wa Malam abin nan ba shi da lafiya, ya ce ni ban san damo ba. Wai in damina ta wuce damo rami yake shiga, ya yi watanni ba ci ba sha, kitsen jikinsa ke riƙe shi, shi ya sa ake ce masa sarkin haƙuri. Sai ya yi masa rami. Ya zuba rairayi cikin akwatin, ya janye shi daga shofaj ya kai lungu, ya je ya ɗauko bargon nan da na ninke ya lulluɓe shi ruf. Ya ce kada wanda ya buɗe sai zafi ya dawo. Ni kuwa da ya fita masallaci nake ɗagawa in leƙa. Jiya ko ido bai buɗe ba sai da na taɓa shi.

Na buga wa kantin waya. Wani ne daban ya ɗauka, ya ce in ɗiga masa bitamin a ruwa, in kuma ya mutu in zo akwai sababbi, za su rage mini. Daouda ƙanen Malam ya ce a kai shi wani lambu a sake shi, ko kuma a yanka, wai romon damo maganin ciwon baya ne. Shi wasa yake, ni ko murmushi ban yi ba.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Mutumin nan an raba shi da aikinsa, an raba shi da ƙarfinsa, a ƙasar nan ko takarda aka aiko sai an karanta masa. Abu ɗaya ya rage masa wanda ya fi kowa sani, shi ne damo. Da wane baki zan ce masa nan ma ya yi kuskure? In kuma na yi shiru Baƙo ya mutu, na san inda bargon zai koma, kuma wannan karon ban san abin da zai sake tayar da shi ba. Ina jin tsoro ƙwarai, amma na rantse ba zan naɗe hannu ina kallo ba. Shawara biyu na yanke. Ko in ɗauki Baƙo in koma Lyon in dire shi a kan teburin yaron nan in tara masa jama'a, ko in sayo wani mai kama da shi in musanya a ɓoye kafin Malam ya buɗe. Ki zaɓa mini ɗaya, wadda kika ce ita zan yi.

Mai shadda, Sevran

*

'Yar uwata mai shadda, ban yi dariya ba, kuma na matsa aka sa wasiƙarki a fitowar wannan makon. Cikin shawarwarinki biyu ban zaɓi ko ɗaya ba.

Ni ban san igwan ba, saboda haka na tambayi wata likitar dabbobi da ke duba irinsu. Ta ce wannan dabbar ta dazuzzukan Amurka ta Kudu ce, inda ake zafi da ruwa, a kan bishiya take rayuwa tana shan rana, kuma ganye take ci. Ba ta shiga rami, ba ta azumin rani. Nama da ƙwai da abincin kyanwa lahani suke yi wa ƙodarta, salati kuwa kusan ruwa ne. A ƙasar sanyi sai an yi mata ɗumi, an kuma kunna mata wata fitila ta musamman da ke maye gurbin rana, don hasken da ya ratso gilashin taga ba ya isarta. In babu wannan, ƙashinta laushi yake yi. Haɓar nan da ƙafafun nan da rawar yatsu, ta ce duk alamunsa ke nan. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne duhu da sanyin da Baƙo yake ciki yanzu. A mayar da shi wurin ɗumi yau, a ɗauke shi a hankali don ƙashin na iya karyewa, kada a ɗura masa komai, a kai shi asibitin dabbobi gobe. Ki fara buga waya ki tambaya ko suna duba irinsa, don yawancinsu karnuka da kyanwoyi suka sani.

Zuwa Lyon huce haushin kaza a kan dami ne, Baƙo zai sha jijjigar jirgi da sanyi don ki samu ki yi faɗa. Kantin ya cuce ki, babu tantama, kuma in ƙura ta lafa ki rubuta musu, ki kai ƙara wurin ƙungiyar kare masu sayayya, ko don wata kada ta faɗa. Amma ke ma ki ɗauki naki kason. Na tabbata ba ki taɓa sayen bandir na shadda ba sai kin murza, kin ɗaga a haske, kin tambayi wadda ta taɓa ɗinkawa. Abu mai rai kuwa kika saye shi tsakanin jirgi da jirgi, kika tambayi mai son ya sayar kaɗai. Niyyarki kyakkyawa ce, kuma ta yi amfani, sai dai abin da aka tsare a ɗaki haƙƙinsa na wuyan wanda ya tsare shi. Sakinsa a lambu kisa ne da wani suna, ki gaya wa Daouda na ce haka.

Musanya kuwa, ki cire ta daga ranki. Mutumin da ke gane ramin damo da na maciji ba zai kasa gane Baƙonsa ba, kuma ranar da ya gane ba zai ƙara yarda da ke a kan komai ba. Sabon ma cikin rairayin nan zai ƙare.

Malam bai yi kuskure a kan damo ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai kama da wane ba ta wane. Wa ya ce masa damo ne? Ke ce, ranar da kika ɗora masa akwatin. To daga nan za ki shiga. Ki zauna ki gaya masa an ruɗe ki a kanti, ke kuma kin ruɗe shi da suna, abin nan baƙo ne da gaske, daga wata ƙasa ya zo, abincinsa daban, cutarsa daban. Ki ce masa kina bukatarsa, don ba wanda ya san yadda Baƙo ke ci da motsi kamarsa, kuma shi likita za ta yi wa tambayoyi. Shi zai ɗauki akwatin, shi zai shiga, shi zai sayo fitilar ya ɗaura. Wanda ya je Montreuil da sanda neman fara zai iya zagaya kasuwa neman ganye. Zai yi fushi wataƙila, ki bar shi ya yi, fushi ya fi miki wannan “to” ɗin sau dubu.

Ba zan yi miki alkawarin Baƙo zai tashi ba. Likitar ta ce wasu na warkewa, wasu an makara. In ya rayu zai kai tsawon mutum har da wutsiya, sai ku zauna ku duba ko gidanku zai ɗauke shi ko a nema masa inda ya dace, Malam na cikin masu yanke shawara. In kuma Allah ya karɓi abinsa, gara ya mutu a hannun mutumin da ya yi ɗawainiyar cetonsa. Wannan Malam zai iya ɗauka. Wanda zai karya shi shi ne ya ɗaga bargo in zafi ya dawo ya tarar da gawa, ya kuma ji kin sani kin yi shiru.

Abu na ƙarshe. Kin ce abokansa sun zo suna yabon haƙurinsa alhali ke kin san ciwo ne. Yanzu shi yake yi wa Baƙo irin wannan yabon. In ya ƙi jin komai, ki tuna masa wannan a hankali, ba gaban kowa ba, zai gane. Ya kamata kuma lokotoronsa ya ji labarin zaman kujerar nan, don ba ciwon baya kaɗai ba ne. Ki yaye bargon yau, amma da hannun Malam, sannan ki ba da bargon sadaka. Allah ya ba Baƙo lafiya, ya ƙara wa Malam ƙarfin ƙafa, ya saka miki da alheri.

Hajiya Sahadatou